Yau Zafi, Gobe Lafiya Lau: Tambayoyi da Amsoshi kan Motar da Zafinta ke Zuwa Yana Tafiya

Da zarar bazara ta kama a Bauchi, daga watan Maris har saukar ruwan farko, da wuya a wuni ba a turo mana mota gareji da ƙorafin zafi ba. Wadda take tafasa kullum ba ta ba mu wahala, don laifinta a fili yake. Mai cin rai ita ce wadda za ta yi sati guda lafiya lau, ran da aka kwaso iyali za a je biki Azare ta tayar da allurar da ke nuna zafin inji, in kuma aka kawo ta wurinmu ta yi lumui kamar ba ita ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu motoci da direbobin haya suka fi yi mini a bakin bonet.

Tambaya: Sau biyu ina kai wa bakanike, yana cewa bai ga komai ba. Rashin iya aiki ne?

Amsa: Ba lallai ba ne, Alhaji. Ka kai masa mota da sanyin safiya, babu kaya, babu fasinja, esi a kashe, inji yana juyawa a tsaye. A haka ko motar da lagiretonta ya toshe rabi za ta yi kyan gani. Irin wannan ciwo sai an sa shi a halin da yake tashi kafin ya nuna kansa, kuma kai ne kake cikin motar a lokacin, ba shi ba.

Saboda haka kafin ka sake kai ta, ka yi kwana uku ko huɗu kana lura. A cunkoso allurar take hawa, ko sai ka miƙi hanya? Da esi ko babu? A hawa, ko da lodi? In ta hau, taka mai yana saukar da ita ko yana ƙara ta? Kowace safiya kuma, kafin ka tayar da inji, ka duba ruwan da ke cikin jarkar nan ta roba, ka ja layi da biro a inda ya tsaya. Bakaniken da ka zo wa da waɗannan amsoshi ka yi masa rabin aiki. Wanda kuma ya ɗauki sifana bai tambaye ka ko ɗaya daga cikinsu ba, ka yi hattara da aljihunka.

Tambaya: Tawa sai na shiga cunkoson Wunti ko na Muda Lawal take hawa. Da na fita titi na sake ta, sai allura ta dawo tsakiya.

Amsa: Wannan kusan ta faɗi sunan mai laifin da bakinta: fanka. In mota tana gudu, iskar hanya ce ke sanyaya lagireto, ko babu fanka za ta yi tafiyarta. In ta tsaya kuwa, fanka ce kaɗai gatanta.

Dalilin da ya sa abin ke zuwa yana tafiya shi ne, fankar lantarki ba kasafai take mutuwa rana ɗaya ba. Gawayin da ke cikin motar fankar yana cinyewa a hankali, yau ta tashi, gobe ta ƙi sai an ɗan ƙwanƙwasa ta. Rile, wato ɗan makunnin da ke ba fanka wuta, shi ma haka, in bakinsa ya ƙone yakan kama wani lokaci ya saki wani lokaci. Ga soket mai tsatsa, ga wayar da aka ƙulle da leda tun wani gyara na bara, ga sensan da ke gaya wa fanka lokacin tashi. Gwajin ba shi da wuya. A ajiye motar tana aiki a tsaye har ta yi zafi, a zuba wa fankar ido. A yawancin motoci tana tashi ne in ruwa ya kai wajen digiri 95 zuwa 100 a ma'aunin Selshiyas. In allura ta wuce tsakiya fanka ba ta motsa ba, a kashe, a kira mai wayarin. In tana da gudu biyu, a tabbata na biyun yana shiga, don sau da yawa ɗaya ne ya mutu, ɗayan yana rufa asiri har ranar da aka yi zafin rana sosai.

Abu ɗaya da na sha gani har ya daina ba ni dariya: a canza fanka, a juya waya, ta riƙa tura iska gaba maimakon ta jawo ta ciki. Ka sa takarda a gaban lagireto. In ta manne, daidai ne. In ta tashi sama, an yi aikin baibai.

Motocin da fankarsu ke haɗe da inji, irin Hilux da wasu bas-bas na Hiace, akwai wani kulochi mai mai a tsakiyar fankar. In ya saki, fanka tana juyawa a ido amma ba ta jan iska. Da inji a kashe bayan ya yi zafi, ka juya ta da hannu. In ta riƙa wulwulawa babu nauyi, ta gama.

Tambaya: Ni akasin haka ne. Cikin gari ba na jin komai. Amma ina kama hanyar Jos, daga Nabordo zuwa hawan Panshanu, sai allura ta fara tafiya.

Amsa: To, kai ka bar fanka ta huta, ba a nan gizo ke saƙa ba. Hanyar Jos jarrabawa ce ga kowane inji. Garin Bauchi yana kan tudu wajen mita 600, Jos kuwa wajen mita 1,200, kenan a tafiyar kusan kilomita 130 motarka tana hawa ne, galibi da cikakken lodi. Inji yana haifar da zafi mai yawa, kuma abin da ke ɗauke zafin ya gaza. Cikin gari gazawar ba ta bayyana saboda ba a matsa masa ba.

Na farko a zargi lagireto. Daga waje, ƙurar hunturu da ƙwari da ciyayi da 'yan ledoji suna cika tsakanin lagireto da kwandensan esi da ke gabansa. Daga gaba za ka ga komai tas, amma in aka raba su biyun sai ka tarar da abu kamar tabarma. Daga ciki kuma, 'yan siraran bututun nan suna toshewa da tsatsa da farin abin da ruwan rijiya ke bari. In mota ta yi zafi, a kashe ta, a cire makulli, sannan a shafa fuskar lagireton a hankali, ko a haska shi da 'yar bindigar auna zafi in akwai. Ya kamata zafin ya riƙa raguwa sannu a hankali daga inda ruwa ke shiga zuwa inda yake fita. In ka ci karo da wani yanki mai sanyi a tsakiya, ruwa ba ya bi ta nan.

Na biyu, babban tiyon ƙasa. In ya tsufa ya yi laushi, da inji ya ɗau gudu sai famfon ruwa ya zuƙe shi ya lanƙwashe, ruwa ya daina wucewa. Da ka sassauta sai ya buɗe, kowa ya duba ya ga tiyo lafiya. A taka mai a tsaye, wani yana kallonsa.

Na uku, famfon ruwan kansa. Mutane suna jiran ya yi ƙara ko ya yi yoyo kafin su zarge shi, alhali fukafukansa na ƙarfe suna iya cinyewa da tsatsa, na roba kuma suna iya sakin sandar da suke kai, su riƙa zamewa in ruwa ya yi zafi, su sake kamawa in ya huce. Ka ga ainihin ciwo mai zuwa yana tafiya kenan. A duba fambel ma, in ya saki.

In duk waɗannan sun fita lafiya, sai a koma maganar gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan silinda da jikin inji, tana nan tafe.

Tambaya: Sai na kunna esi kawai take yi.

Amsa: Esi yana ƙara wa inji nauyi, kuma kwandensa yana zuba zafinsa a kan iskar da za ta shiga lagireto. Motar da ke da lafiya tana ɗaukar wannan ko a watan Afrilu. Taki tana gaya miki ne cewa da ƙyar take riƙe da kanta, Hajiya. A duba ko fankar esi tana tashi da zarar an kunna, a wanke tsakanin kwandensa da lagireto. Galibi a nan maganar ke ƙarewa.

Tambaya: Allurata ba ta da tsari. Ta hau, ta faɗo, ta sake hawa cikin minti biyu, ko a ina nake.

Amsa: Inji ba ya yin zafi ya huce cikin daƙiƙa kaɗan, ƙarfe ne da ruwa. In allura tana tsalle haka, ko dai iska ce ta shiga hanyar ruwa, ko tamostat, wato 'yar ƙofar da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto, yana maƙalewa, ko allurar ce take ƙarya.

Iska takan shiga ne in ruwa ya ragu, ko bayan an yi gyara an cika ruwa da garaje. Kumfar iskar tana yawo, in ta zo kan sensa allura ta ruɗe, in ta tsaya a bayan tamostat ta hana shi jin zafin ruwa. Motoci irin su Peugeot 406 suna da 'yan kusoshin fitar da iska, kuma dole a buɗe su lokacin cika ruwa har sai ruwa zalla ya fito. Yaran gareji da yawa ba su san da su ba. Ka tuna ko matsalar ta fara ne bayan wani ya taɓa ruwan motar.

Ƙaryar allura kuwa, yawanci wayar at, wadda ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota, ce ta saki ko sensa ya lalace. Alamarta, za ka ga allura ta motsa lokacin da ka kunna fitila ko fanka ta tashi. A sa na'urar sikana a karanta ainihin zafin da kwamfutar motar take gani, a gwada da abin da allura ke nunawa. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996, da na fetur na Turai daga 2001, duk suna da soket ɗin OBD2 da ake sa na'urar. Yanzu har ta waya ana karantawa, kuma ya fi kyau a bar ta a jone a hau hanya da ita. Ka sani kuma, allurar motoci da yawa an yi ta ne ta zauna a tsakiya ko da zafin yana hawa da sauka. Kafin ka ga ta motsa, abin ya riga ya yi nisa.

Tambaya: An ce in cire tamostat, wai na ƙasashen sanyi ne, mu nan ba ma buƙatarsa. A kuma haɗa fanka kai tsaye.

Amsa: Wannan magana ta daɗe tana yawo a garejojinmu, ni ma a kanta na tashi, kuma na cire da yawa kafin na gane. An bar jaki ne ana dukan taiki.

Aikin tamostat shi ne ya riƙe ruwa a cikin inji har ya kai zafin aiki, sannan ya buɗe masa hanya zuwa lagireto. Lambar tana rubuce a jikinsa, a motocin Japan da yawa za ka ga 82. In ka cire shi, inji zai daɗe bai ɗumama ba, musamman da asubahin hunturu ko a kan doguwar hanya. Kwamfuta tana ganin inji da sanyi, sai ta ci gaba da zuba fetur kamar yanzu aka tayar. Ka sha mai, fulogi su yi baƙi, baƙin mai ya lalace da wuri, ringi su ci. Da kuɗin fetur na yanzu, wannan kaɗai ya isa dalili.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. A injuna da yawa tamostat ƙofa biyu yake tsaro: in ya buɗe ta lagireto, sai ya rufe wata 'yar hanya da ruwa ke zagayawa a cikin inji. Ka cire shi, wannan hanyar ta zauna a buɗe, wani kaso na ruwan ya riƙa zagaye a ciki bai je lagireto ba. Sai mota ta ƙara zafi a kan hanya, mai ita yana mamaki.

Gaskiya ne tamostat yana lalacewa, kuma mai maƙalewa yana cikin manyan masu kawo zafi na jefi-jefi. Gwada shi a tukunya ake yi: a rataya shi cikin ruwa, a ɗora a wuta da ma'aunin zafi, a ga ko ya fara buɗewa kusa da lambarsa. A bar shi ya huce a maimaita sau uku, don mai maƙalewa yana iya cin gwajin farko. In ya faɗi, a sa sabo mai kyau. Ba shi da tsada in aka kwatanta da abin da yake karewa.

Fanka kai tsaye kuwa, zan yarda da ita don a isa gida daga Alkaleri ko Darazo da dare. Amma a bar ta haka, fankar za ta mutu da wuri, kuma ranar da ta mutu babu abin da zai sanar da kai. Haka ma canza lagireto zuwa mai layi biyu: yana iya ɓoye ciwo na 'yan watanni, ba ya warkar da gasket ko famfo.

Tambaya: Wai da gaske murfin lagireto kaɗai zai iya sa mota tafasa?

Amsa: Ƙwarai, kuma shi ne mafi araha a duk jerin, shi ya sa nake fara dubawa daga kansa. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya a Bauchi yana tafasa ne a wajen digiri 98, a Jos wajen 96, saboda tudu. Murfin yana matse hanyar ruwa, ka duba samansa za ka ga 0.9 ko 1.1. Da wannan matsin, ruwa yana kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. Yanzu ka haɗa lissafin: fanka tana jiran 95 zuwa 100 kafin ta tashi, ruwan kuma da mataccen murfi yana tafasa a 98. Kafin fanka ta farga, mota ta yi amai.

Alamunsa: jin gurguɗa bayan an kashe inji, jarkar roba tana cika tana zubarwa, ko tiyon sama ya shanye ya manne in mota ta huce. A duba robar murfin da sifirin. A sayi mai lamba ɗaya da na asali. Motoci irin su Golf da Sharon murfinsu yana kan jarkar ne, ita ma jarkar takan tsage ta inda ido ba ya kai.

Tambaya: Ruwa yana raguwa, amma ban taɓa ganin ɗigo a ƙasa ba. Gasket ne?

Amsa: Kar ka yi saurin yarda a buɗe maka inji. Ƙaramin yoyo yakan buɗe ne sai da zafi da matsi, ruwan ya faɗa kan inji ya ƙone nan take. A nemi farin tabo ko kore a bakin tiyoyi, a gefen robar lagireto, da ƙarƙashin famfo. A taɓa kafet ɗin gaba, in da damshi, hita ce take yoyo. Akwai famfon hannu da ake matse hanyar ruwa da shi inji a kashe, ana kallon ko matsin zai sauka.

Gasket kuwa, in ya fara ƙonewa kaɗan, ba lallai ka ga baƙin mai ya koma kamar shayi mai madara ba. Wannan alamar takan zo ne a makare, wani lokaci ma ba ta zuwa. Abin da ke faruwa da farko, in an matsa wa inji a hawa, hayaƙin silinda yana kutsawa cikin ruwa ya kore shi waje. A sauko cikin gari, ya lafa. Ka lura da waɗannan: tiyon sama ya yi tauri kamar taya minti ɗaya bayan tayarwa da safe, kumfa tana fitowa ba ƙaƙƙautawa a bakin lagireto, inji yana rawa na 'yan daƙiƙu da asuba sannan ya daidaita, farin hayaƙi mai ɗan zaƙi daga salansa bayan inji ya ɗumama, ko fulogi ɗaya ya fita fes kamar an wanke shi alhali sauran da datti. Gwajin da na fi yarda da shi shi ne na shuɗin ruwan nan da ake ɗorawa a bakin lagireto. In hayaƙin inji yana shiga, a motar fetur sai ya koma rawaya.

In ya tabbata, kar a tsaya a sabon gasket kawai. Kan silinda na alminiyam yana lanƙwasa in ya sha zafi. A ɗora masa madaidaicin ƙarfe a auna, in ya karkace a kai a daidaita fuskarsa, a ɗaure kusoshin da sifanar awo bisa tsarinsu. A kuma nemo abin da ya fara kawo zafin, don sau da yawa gasket ba shi ne ya fara ba, shi ma cin sa aka yi.

Tambaya: Ruwan rijiya ko na burtsatse yana da illa? Shekara nawa muna zubawa.

Amsa: Leƙa cikin butar shayin gidanka ka ga farin ɓawon da ya kama gindinta. Shi ne yake kama cikin lagireto. Ruwan leda ma ba tsira ba ne, don ba ya hana tsatsa. Kulan, kore ko ja, yana hana tsatsa, yana ɗan ɗaga ma'aunin tafasa. Mai kauri ana haɗa shi rabi da rabi da tataccen ruwa irin na batir, kuma kar a cakuɗa iri biyu. Ka kula, akwai na jabu da ruwa ne kawai da kala. A ɓoye shi daga yara da awaki, yana da zaƙi kuma guba ne. Ƙwai da garin taba da ake zubawa don toshe yoyo, suna toshewa har da inda ba a aike su ba.

Tambaya: In ta hau ina tsakiyar hanya da yara, me zan yi?

Amsa: Ki kashe esi nan take. In hitar motarki tana aiki, ki kunna ta har ƙarshe ki sauke gilasai, za ta janye wani zafin daga inji. Ki nemi wuri ki tsaya. In allura ta kai ja ko kin ga tururi, ki kashe inji, ki ɗaga bonet in babu tururi mai ƙarfi, ki jira aƙalla rabin awa. Kar ki bari kowa ya buɗe murfi da zafi, ko da ɗan taimako ne ya zo da tsumma yana cewa ya saba. Na ga fuskokin da ruwan nan ya saɓule. Kar kuma a kwara ruwan sanyi a kan inji. In ya huce, a buɗe a hankali, a cika da duk ruwa mai tsabta da aka samu, a tayar a duba yoyo da fanka. In ta sake hawa cikin 'yan kilomita, a nemi mai ja. Kuɗin jan mota daga Ningi bai kai kuɗin injin da ya buga ba.

Tambaya: Na canza lagireto, murfi, famfo, tamostat, fanka. Har yanzu tana yi.

Amsa: Da farko a tabbata kayan da aka sa na kirki ne. Sabon tamostat na jabu, ko tsohon lagireto ɗan Beljiyam da ya zo da tasa toshewar, suna iya mayar da kai inda ka fito. A sake fitar da iska yadda ya kamata, a yi gwajin shuɗin ruwa in ba a yi ba.

Daga nan sai a fita daga hanyar ruwa gaba ɗaya. Birki mai kamawa yana sa inji ya yi ta ja kamar da lodi. Bayan tafiya ka kusantar da hannu ga kowane rim, in ɗaya ya fi sauran zafi, ga shi nan. Salansa mai toshewa a wajen katalis yana hana hayaƙi fita, za ka ji mota ba ta da ƙarfi a hawa. Taimin da ya goce, ko ƙarancin baƙin mai, duk suna ƙara zafi. A mota mai giyar otomatik, man giya yana bi ta cikin lagireto don ya huce, in giyar tana zamewa a hawa zafinta a kan ruwan inji yake sauka. Sai kuma robobin da ke kewaye da fanka da na ƙarƙashin bamba, waɗanda masu gyaran jiki suke jefarwa bayan an yi karo wai ba su da amfani. Su ne ke tilasta wa iska bi ta cikin lagireto maimakon ta zagaye shi. Wata Vectra ta haya da ta yi wata biyu tana zuwa mana daga layin Gombe, abin da ya rage mata kenan, kuma a bayan but ɗinta muka tsinci robar.